Shafin da Lord Skelbrook Bai Karanta Ba

Bas ɗin ya taka birki a tsakiyar gada, Ambrose ya tafi luu zai faɗi. Ya cafki ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana dafe da aljihun ƙirjinsa. Wata mata mai jakar cefane ta miƙe da sauri.

"Baba, zo ka zauna. Zuciya ce?"

"A'a 'yata, na gode. Takarda ce."

"Ta asibiti?"

"Ina ma ita ce," in ji shi, ya zauna.

Ni ina tsaye a kansa riƙe da lemarmu. Sunana Giles, a gidana ya kwana daren jiya. Shekara sittin da ɗoriya muna tare, tun ran da iyayenmu suka tura mu makarantar kwana ɗaya muna 'yan shekara takwas, don mu koyi wanka da ruwan sanyi da kuma yin shiru idan abu ya yi mana zafi. Wankan dai mun daɗe da dainawa.

Matar ba ta san wanda ta ba wa kujera ba, da ta sani ma ba abin da zai ƙara mata. Tsohon nan mai kwat da ta sha faci a gwiwar hannu shi ne Earl na Skelbrook na tara, shi ne Viscount Garthdale, shi ne kuma Baron Pelling na Coldbeck. Sarauta uku a kan mutum ɗaya, ga shi yana ƙyashin shiga tasi. Ta farko, wani kakansa ya samo ta saboda ya riƙe wa sarki tasa a jirgin ruwa lokacin da amai ya taso masa. Ta biyu an ba wani kakan ne don ya sauya sheƙa ana saura kwana biyu a gama yaƙi. Ta ukun ba a cika son zancenta a gidan ba, amma hoton matar da ta jawo ta yana nan rataye a saman bene, kuma gaskiya kyakkyawa ce. Kada a ce dariya nake yi masa. Tawa sarautar guda ɗaya ce tak, kakana kuma giya ya yi ta sayarwa har aka ba shi ita.

Shekara talatin da ɗaya Ambrose yana zama a Majalisar Dattawa, bai taɓa miƙewa ya ce uffan ba. Yana zuwa, yana zama a layi na uku, yana kaɗa ƙuri'a inda aka nuna masa, ya sha shayi ya koma gida. Shekarar da aka yi mana shara, aka sallami ɗaruruwan masu sarautar gado aka ce mu zaɓi 'yan kaɗan da za su rage, Ambrose ya samu ƙuri'u har ya fi wasu tsofaffin ministoci. Dalili kuwa, ba wanda ya iya tuna ran da ya taɓa ɓata masa rai.

Yau Juma'a, sunansa ne na biyar a jerin masu magana. Ƙudurin da za a tattauna na wata Lady Marchbank ne, wanda ke neman a bar 'ya mace ta gaji sarautar ubanta. Ambrose 'ya ɗaya gare shi, Rosalind. Ran da ya rufe ido, sarautun nan uku za su tsallake ta, su tsallake teku, su sauka a kan wani Desmond, likitan haƙori a Kanada, wanda bai taɓa taka Skelbrook ba kuma yana rubuta sunan garin da kuskure a katin gaisuwar Kirsimeti.

Kowa ya san ƙudurin ba zai kai ko'ina ba. Rosalind ma ta sani. Ambrose ya gaya mini yadda suka yi da ita a kicin wata guda da ya wuce, tana wanke kwalaben shayar da 'yan raguna, ko juyowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Baba, ban ce ka ci nasara ba. Sarautar ma in an ba ni, ba za ta toshe yoyon rufi ba. Cewa na yi ka faɗa. Sau ɗaya, da bakinka, a inda za a rubuta."

Jawabin ke nan a takardar da ke aljihunsa.

Muka sauka, muka tsallaka titi cikin yayyafi, muka shiga majalisa ta ƙofarmu. A ɗakin rataye kaya kowa da ƙugiyarsa da sunansa a jiki, kamar 'yan firamare. Ambrose ya rataye kwat ɗin ruwansa, ya tsaya yana kallon sunansa, sannan ya zaro takardar ya miƙo mini.

"Duba mini, Giles."

Shafi huɗu ne. Uku na farko lafiya lau: godiya, 'yar barkwanci, tarihin gida. Na buɗe na huɗu, na ga sakin layi ɗaya ne, da rubutun hannunsa.

"Ranku ya daɗe, ina da 'ya ɗaya, sunanta Rosalind. Shekara ashirin ita ke riƙe da Skelbrook. Ita ke hawa rufi idan ya yi yoyo, ita ke tsayawa a kan tumaki lokacin haihuwa, ita ta yi jinyar mahaifiyarta har ta rasu. Ran da aka haife ta, mahaifina ya leƙa ta ya ce, 'Ba komai, a sake gwadawa,' ni kuma ina tsaye ban ce komai ba. Yau nake ba shi amsa. Ba ni da magajin da ya wuce ta, dokar da ta ce ba haka ba kuwa, dokar ce ta yi kuskure."

Wallahi abin ya taɓa ni. A nan ne na tabbata maganar ba ta dace ba, don mu haka aka rene mu.

"Ba zai yiwu ba," na ce.

"Wane ɓangaren?"

"Shafin gaba ɗaya. Haba Kunkuru, kai ne za a koya wa al'adar gidan nan?" Kunkuru muke ce masa tun a makaranta. "Jawabinka na farko ne fa. Jawabin farko gajere ake yi, ba a taɓo abin da ake jayayya a kai. Shi ya sa ba mai katse ka, ba mai fita, wanda zai biyo bayanka kuma dole ya yabe ka ko da shirme ka zuba. Sun ɗaure hannuwansu don su girmama ka, sai kai kuma ka ɗauko sanda?"

"To ai abin da ake jayayya a kai shi ne kaɗai abin da na zo faɗa."

"Ka ajiye shi sai jawabi na biyu."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Giles, na farkon shekara talatin da ɗaya ya ɗauke ni. Na biyun ina ɗari da biyu ke nan."

"Ka sassauta shi mana. Ka ce kana da ra'ayi."

"Ba ra'ayi gare ni ba, 'ya gare ni."

"Ka san wa ke bayanka a jerin? Quarrington."

Ambrose ya mayar da tabaraunsa. Lord Quarrington shi ne babban mai adawa da ƙudurin, mutumin da har yau bai gama yafe wa ƙasar nan shigo da fitilun kan titi masu launi uku ba. Shi al'ada za ta tilasta wa ya miƙe ya yabi Ambrose.

"Zai zama kamar na gayyace shi cin abinci na ja masa kujera," in ji Ambrose a hankali.

"Yawwa, ka gane."

"Ban ce na gane ba. Cewa na yi na ji." Ya karɓi takardarsa ya mayar aljihu.

Ana haka sai ga Mista Brannigan, babban mai tsaron ƙofa, tsohon soja mai ƙirji kamar ƙofar kabad, da sarƙarsa ta zinariya a wuya. Bayansa Rosalind ce. Jirgin ƙasa na asuba ta biyo daga arewa. Ta sa baƙar rigar da na san ta mahaifiyarta ce, ta gyara gashi, amma yatsunta duk ruwan aidin da ake shafa wa cibiyar 'yan raguna ya rine su, don watan Maris ne, tumaki na ta haihuwa.

"Baffa Giles, har yanzu kana raye?" Ta sumbace ni a kumatu.

"Don in ba 'ya'yana haushi kawai. Wa kika bar wa tumakin?"

"Maƙwabci. Na bar masa guda goma sha ɗaya a kan gwiwa, ɗaya kuma 'yan uku take ɗauke da su. In ta mutu, a wuyan majalisar nan." Ta juya ga ubanta, ta gyara masa ɗaurin wuya. "Ka ci wani abu?"

"Rabin biredi."

"Ka yi fari fat. Kada ka sume mini a gaban mutane, ba zan iya ɗaukarka ba, bayana ya gaji."

"Ba zan sume ba. A gidanmu ba a suma, sai dai a mutu a zaune ba wanda ya lura."

Ta yi dariya, amma idonta na kan aljihunsa. Ba ta tambaya ba.

Brannigan ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, sama za ki hau wurin baƙi, ko kuwa matakalar karaga za ki zauna?"

"Matakalar me?"

"Ta karagar sarauta, a cikin zauren. Ɗan farin kowane mai kujera a nan yana da ikon zama a wurin."

"Ɗan fari namiji dai."

"A da ke nan, ranki ya daɗe. An daɗe da gyarawa. Mace ko namiji."

Ta waiwayo a hankali. "Baba, ka san da wannan?"

Ya sani mana. Ni ma na sani. Bai taɓa gaya mata ba ne don in ta zo za ta ga aikin da yake yi a nan shekara da shekaru, wato ba komai.

"Wurin ba daɗin zama," in ji shi. "Ba majingini."

"A kan buhun dusa nake cin abincin rana," ta ce. "Mu je, Mista Brannigan."

Ƙarfe goma da 'yan mintuna aka fara. Ranar Juma'a ba a cika ba, ba mu fi mu arba'in a kan jajayen kujerun ba, wasu da sanduna, wasu sun kara kunne a jikin 'yar lasifikar da ke bayan kujera, abin da ke sa baƙo ya ɗauka barci muke yi. Wani lokacin ma baƙon ne ke da gaskiya. Rosalind na zaune a matakala ta biyu, ta haɗa gwiwoyi, jakarta a kan cinya, zinariyar karagar na ƙyalli a bayanta. Ita kaɗai ce a wurin. Daga inda muke, in ka ɗaga kai ba abin da za ka fara gani sai ita.

Lady Marchbank ta gabatar da ƙudurinta da kyau. Mutum uku suka biyo baya. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba, don hankalina duk yana kan Ambrose. Da na huɗun ya zauna, sai zauren ya yi tsit irin na musamman. Wanda ya tashi zai fita ya koma ya zauna. Brannigan ya tsaya ƙyam a bakin ƙofa.

Ambrose ya miƙe. Sai da ya dafa kafaɗata.

"Ranku ya daɗe," ya ce. Muryar ta fito siririya, ya sake gwadawa. "Ranku ya daɗe, ina neman afuwar jinkiri. Na shigo gidan nan shekara talatin da ɗaya da suka wuce, sai na ga ya kamata in ɗan fahimci yadda abubuwa ke tafiya kafin in sa baki."

Zauren ya kwashe da dariya. Kai, ashe Kunkuru ya iya! Na ga kafaɗunsa sun sauka, jini ya dawo fuskarsa. Ya gode wa masu tsaron ƙofa, ya ambaci Brannigan da suna. Ya gode wa ma'aikatan ɗakin karatu da suka bar shi yana barci a kujerar kusa da taga ba su taɓa tashinsa ba. Ya gode wa matan ɗakin shayi, su ma da sunayensu, har da wadda ta yi ritaya bara. Ya ba da labarin kakansa mai tasa da sarki mai amai, ya ce tun daga ranar zuriyarsu ke yi wa ƙasa hidima iri ɗaya: su tsaya kusa, su riƙe abin da aka miƙo musu, su kau da kai. Aka sake dariya, har wani bishop yana share hawaye.

Na saci kallon Rosalind. Murmushi take yi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba tun tana yarinya.

Agogon bango ya nuna ya yi minti shida yana magana. Ya juya shafi na uku.

"Ƙa'ida ta ce in bayyana cewa maganar da ke gabanmu ta shafi gidana," ya ce. "To, na bayyana."

Ya kai hannu ya ɗaga shafin, na huɗun ya fito. Ina ganin rubutun daga inda nake. Ya ja numfashi. Ya ɗaga kai ya dubi matakalar karaga, ta gyara zama. Ya dubi ɗaya ɓangaren, inda Quarrington ke zaune da 'yar takardarsa a hannu, fuskarsa cike da fara'a, ya shirya tsaf zai yabi abokin hamayya kamar yadda aka koya masa. Sai Ambrose ya sunkuyo ya dube ni.

Zan faɗi abin da na yi, tunda ba wanda ya gani sai shi. Na girgiza kai. Kaɗan ne ƙwarai, ko ƙuda ba zai tashi ba. Ban yi niyya ba ma, kan ne ya yi da kansa, kamar yadda ƙafa ke neman birki.

Ya mayar da shafi na uku a kan na huɗun.

"Game da ƙudurin kansa, ranku ya daɗe," in ji Ambrose, "na san akwai ra'ayoyi masu ƙarfi ta kowane ɓangare. Zan saurara da kyau. Na gode."

Ya zauna.

Ba a yin tafi a majalisarmu, gurnani muke yi, kuma rabon da in ji gurnanin yabo mai ƙarfin wannan har na manta. Na baya suka miƙo hannu suna bubbuga masa kafaɗa. Ni ma na yi gurnanin, da ƙarfi ma kuwa, don kada in ji abin da ke cikina.

Quarrington ya miƙe, ya dafa ƙirji.

"Ranku ya daɗe, na daɗe a gidan nan, amma ban taɓa jin jawabin farko da ya kai wannan ba. Dukanmu mun san halin da mai girma Earl yake ciki. Mun san abin da wannan ƙuduri zai yi wa gidansa. Wani ne da ya yi amfani da damar nan ya karkato da zukatanmu. Shi kuwa ko sunan wanda abin ya shafa bai ambata ba. Wannan shi ne dattako, wannan shi ne abin da ake gada, kuma da shi nake kafa hujja cewa tsarin da ya haifar da mutum irin wannan bai kamata a taɓa shi ba."

Ya ɗauki minti goma sha huɗu yana rusa ƙudurin, kowane minti biyu sai ya waiwayo ya sake jinjina wa Ambrose. Ban dubi matakalar karaga ba. Ambrose ma bai duba ba, takalmansa yake kallo kamar yau ya fara ganinsu.

Wani mai tsaron ƙofa ya lallaɓo ya miƙa masa ambulan. Haka ake yi: masu rubuta kundin majalisa kan aiko a ba su takardar mai magana don su duba rubutun sunaye. Ambrose ya cusa shafukan duka a ciki, ko dubawa bai yi ba, ya mayar.

Wajen ƙarfe ɗaya aka gama. Aka miƙa ƙudurin ga kwamiti, inda ire-irensa ke zuwa su mutu cikin mutunci ba tare da an damu kowa ba.

A ɗakin shayi muka same ta, ta riga ta kama tebur kusa da taga, kogin na wucewa a bayanta. Kafin mu kai wurinta sai da aka tare Ambrose sau shida ana taya shi murna. Ɗaya daga cikin matan da ya ambata ta kawo mana gasasshen biredi da man shanu, ta ce yau kyauta ne, idonta ya yi ja don daɗi.

"Ka yi ƙoƙari, Baba," in ji Rosalind. "Ban san kana da ban dariya haka ba."

"Rosalind..."

"Da gaske nake. Muryarka ta fita sosai. Har can ina jin komai." Ta shafa man shanu a biredinta, a nutse, har gefe-gefe. "Mista Brannigan ya ji daɗi. Ka ga yadda ya ƙame da ka kira sunansa?"

Da ma ta yi faɗa, da ta buga tebur, da mun san abin yi, don mun saba a yi mana tsawa tun muna yara. Wannan ladabin nata kuwa namu ne, a wurinmu ta koya, kuma ta fi mu iyawa.

"Laifina ne," na ce. "Ni na hana shi. Al'adar jawabin farko ce, ba a..."

"Baffa Giles, kai ka haife ni?"

"A'a."

"To sha shayinka."

Na sha shayina.

Ambrose ya ɗauki butar shayi zai zuba mata. Daidai nan Brannigan ya iso da ambulan ɗin a kan ɗan faranti.

"Daga masu rubuta kundi, ranka ya daɗe. Sun gama, suna godiya."

Hannun Ambrose biyu na kan buta, sai Rosalind ta karɓa. Ba a liƙe bakin ba. Na ga ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Ta zaro shafukan, ta wuce na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗun an ja layi da fensir daga sama har ƙasa, a tsanake, da abin ja layi ma kuwa, an rubuta a gefe da ƙananan haruffa masu kyau: "Ba a faɗi wannan ba, don haka ba mu saka ba."

Ta karanta. Ba dogo ba ne, amma ta daɗe a kai. Na ga inda idonta ya tsaya, wajen tsakiya, wurin maganar kakanta. Ashe ba ta taɓa sanin wannan ba. Ta ɗora yatsanta mai aidin a kan layin, kamar mai tsoron kada ya gudu.

"Mista Brannigan," in ji Ambrose, "in na hau sama na same su, ba za su iya sakawa ba? Ai a rubuce yake. Tun jiya yake a rubuce. Mantawa na... tsallakewa na yi."

Brannigan ya dubi bango, can sama da kanmu. "Suna gyara tuntuɓen harshe, ranka ya daɗe. In ka ce Talata alhali Laraba kake nufi, za su gyara. Amma abin da ba a faɗa ba, ba sa rubutawa."

"Ko da layi ɗaya?"

"Ko da kalma ɗaya, ranka ya daɗe. Ka yi haƙuri." Ya ɗan rusuna ya tafi, da sauri fiye da yadda ya saba.

Ambrose ya ajiye butar. Ya cire tabarau, ya mayar. "Rosalind, ba ni in karanta miki. Yanzu, a nan. Zan miƙe tsaye ma in kina so, kowa ya ji."

"A'a, Baba." Ba ta ɗaga murya ba. "Nan ɗakin shayi ne."

Ta haɗa shafuka uku na farko, ta daidaita gefensu a kan tebur, ta tura masa gabansa. Na huɗun ya rage a hannunta. Ta duba agogo, ta ce in ta kama jirgin ƙarfe uku za ta isa kafin duhu, ta ga abin da mai 'yan ukun nan ta yi. Ta miƙe, ta rataya jaka, ta sumbace ni a ka, ta sumbaci ubanta a ka. Sannan ta ɗaga shafin.

"Wannan fa? Zan iya ɗauka, ko shi ma na Desmond ne?"

Ambrose ya dube ta. Ta jira shi, wallahi ta jira, fiye da yadda ni zan iya. Daga nan ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a aljihu, ta bi tsakanin tebura tana gaisawa da masu ce mata lallai tana alfahari da mahaifinta yau.

"Naki ne," in ji Ambrose. "Duka naki ne."

A fili ya faɗa, ba rawar murya ko kaɗan. Amma ta riga ta kai ƙofa, Brannigan ya buɗe mata, ni kaɗai na ji.